Yara bakwai sun zo mini hutu, abincin gida na neman ƙarewa: ku ba ni shawara

Uwargida, Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini, kaina ya ɗaure. Mu shida ne a gida, ni da maigida da yaranmu huɗu. Tun da aka rufe lakwal (makarantar boko) aka fara turo mana yara hutu: uku na yayan maigida daga Yamai, biyu na ƙanwarsa daga Tanut, biyu na ƙanina. Yanzu mu 13. Na Yamai ɗin facalata ce ta kira ni tun kafin sallar layya, ta ce tana son su zo Damagaram su san dangi, su ga kakarsu. Ban iya ce mata a'a ba, domin lokacin da na haihu ita ta baro gidanta ta zauna da ni har na yi arba'in, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Uwar mijina tana unguwar Birni, amma ta tsufa, ba ta jure hayaniya, shi ya sa duk aka sauke su wurina. Da ƙanwar maigida ta ji, ita ma ta sako nata a mota, sai da suka iso tasha aka kira mu.

Kuɗin cefane jika biyu (sefa 2,000) ne a rana, bai ƙaru ba. Buhun shinkafa mai kilo 25 bai cika sati biyu ba ya ƙare. Bidon mai na lita 5 ya wuce rabi, gas ɗin kilo 6 ya ƙare tun kafin lokacinsa, soyayyen naman layya da na ɓoye kuma ya fara canza wari. Sai farkon Oktoba za a koma lakwal. Me zan riƙa dafawa wanda zai ƙosar da su ba tare da na ci bashi ba?

Hajiya mai tuwo-tuwo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba ki faɗa mana shekarun yaran ba, ba ki faɗa ko akwai hatsi a gidan ba. Amma bari mu yi lissafi da abin da kika bayar. Kilo 25 a sati biyu kusan kilo 2 ke nan a rana. Ga mutum 13 wannan ba ɓarna ba ce, cin girki ɗaya ne daidai. Matsalar ita ce kullum shinkafa kike ɗorawa. In kika ci gaba haka, daga yanzu zuwa Oktoba buhu biyar ko shida za ki ci, jika biyu kuma ba ta ɗaukar wannan.

Ki koma gero. Ko yanzu da damina ta sa hatsi ya hau, ya fi shinkafa sauƙi. Buhun kilo 100 tiya 40 ne. Tiya ɗaya da rabi a rana ta ishe ki: ɗaya tuwon dare, rabi fura ko kunu. Ki tuƙa tuwon da ɗan yawa, da safe a yi ɗumame. Shinkafa ki bar ta Juma'a da wata rana guda, kuma kada ki dafa ta zalla: awo biyu na shinkafa, awo ɗaya na wake. Wake ne ke riƙe cikin yaro har la'asar.

Kada ki niƙa na sati guda a wannan yanayi. Na kwana uku ko huɗu ya isa. A surfa, a bakace, a wanke, a rege yashi, a bar shi ya tsane sannan a kai inji. In an dawo da garin ki baza shi a faranti ya huce ya sha iska kafin ki rufe. Garin da aka rufe da ɗuminsa a damina kwana biyu yake yi ya yi tsami ya dunƙule.

Uwargida, Garin Malam:
Na gode Hajiya. Gero akwai kusan rabin buhu. Babban cikinsu shekararsa 15, ƙaramin 4. Amma 'yan Yamai ba sa cin tuwon gero da miyar kuka, na gwada, ƙaramar har kuka ta yi ta kwana da yunwa. Shi ya sa nake yin shinkafa ko maka (makaroni) da rana, da safe kuma burodi da shayi.

Hajiya mai tuwo-tuwo:
To ga inda kuɗinki ke tafiya. Burodi da madara da sukari na mutum 13 kowace safiya, me zai rage a jika biyu? Kuma burodi ba ya kai yaro hantsi. Ki jiƙa rabin tiyar gero da dare, da citta da kanumfari da ɗan barkono, da safe a markaɗa, ki tace, ki dama koko. Gasarar da ta rage ki bar ruwa a kanta, kina sauya shi safe da yamma, za ta yi miki kwana biyu. Yaron da ya ƙi tuwo ranar farko, rana ta uku da kansa zai wanke hannu.

Malamar makaranta, Zango:
Hajiya a nan ban bi ki ba. Yaro ɗan shekara 4 da aka raba da uwarsa ba a horar da shi da yunwa. Sau da yawa miyar yake ƙi, tuwon bai dame shi ba. 'Yar'uwa ki gwada miyar gyaɗa da yakuwa, ko ɗanyar kuɓewa tun da ta fara shigowa, ki tankaɗe garin sau biyu tuwon ya yi laushi.

Ki shigar da ɗan wake, yaran birni na son sa. Na mutum 13: rabin tiyar garin wake, rubu'in tiyar garin busasshen rogo, kuka cokali huɗu, sai ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace. Ki kwaɓa ya yi kauri har ya riƙe a yatsa, ki bar shi minti goma. Sai ruwa ya tafasa sosai za ki fara sakawa. In ya taso sama ki ba shi kamar minti goma kuma, ki tsame cikin ruwan sanyi. In ya narke a tukunya, kuka ta yi kaɗan ko ruwan bai tafasa ba. In ya yi ɗaci ya yi duhu, kanwa ta yi yawa. Mai kaɗan, yaji da albasa, shi ke nan.

Wata daga Kara-Kara:
Duk wannan girki da wane ruwa? Mu nan famfo sai tsakar dare yake zuwa, in ya zo. Mutum 13, wanka da wanki da wanke-wanke, kuɗin ga-ruwa kaɗai ya isa ya cinye cefane. Kowa ya san halin Damagaram da ruwa, amma dangi ba sa tunawa da shi in za su turo yara. Ki tara ruwan sama a tano (ganga) don wanki da wanka, na farkon da ya wanke rufin ki zubar. Na famfo ki keɓe don sha da girki.

Magidanci, Sabon Gari:
Ku yi haƙuri na shigo maganar mata. Baiwar Allah, kin zauna da maigidanki kuwa? Da yawanmu maza ba mu san kwana nawa buhu ke yi ba. Ki rubuta masa a takarda: mutum nawa, tiya nawa a rana, kwana nawa suka rage. Shi zai kira yayansa. A da in za a turo yaro hutu da guzurinsa yake zuwa, gero ko wake ko man shanu. Tanut fa Damargu ce, ƙasar gero, bai dace yara biyu su taso daga can ba ko tiya biyar. Yanzu sai a sako maka yara a mota, a kira ka ka je tasha, kuɗin komawa ma kai za ka biya.

Uwargida, Garin Malam:
Malam ba zan iya ba. Maigida albashinsa yake jira, kuma layya ta riga ta kwashe abin da ke hannunsa. In ya kira yayansa za a ce ni na zuga shi, ina ƙyashin 'ya'yan dangi. Baƙonka annabinka. Ni dabarar girki na tambaya.

Hajiya mai tuwo-tuwo:
Ta yi gaskiya, maganar ba ta kai ga kiran dangi ba. Mu koma tukunya.

Gas ba na wake da tuwo ba ne. Ki bar shi don shayi da ɗumame. Ki nemi murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi wanda ya yi daidai da gindin tukunyarki, ya fi duwatsu uku tattalin itace nesa. Itacen gobe ki jera shi gefen murhu yau ya bushe, jiƙaƙƙen itace hayaƙi kawai yake yi. Wake ki jiƙa tun dare, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. Kanwa kamar ƙwayar gyaɗa ta isa.

Mai kuma, kada ki riƙa tsiyayawa daga bidon kai tsaye, hannu ba ya da awo. Ki zuba lita ɗaya a kwalba, ki ce sai ta yi kwana biyar, ki ɗaga bidon inda yara ba sa kaiwa. Miyar kuka ba ta bukatar mai fiye da cokali uku in akwai daddawa mai kyau.

Yanzu lokacin ganye ne: tafasa, rama, zogale, yakuwa. Ki dafa tafasa da 'yar kanwa, ki zubar da ruwan farko, ki matse, ki kwaɗanta da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Wannan shi ne abin la'asar, madadin biskit.

Tsakin da ke saura a rariya kada ki ba kaji. Ki tara, in ya kai rabin tiya da ɗan ƙari ki yi dambu. Ki yayyafa masa ruwa ya jiƙa amma kada ya caɓe, ki zuba a madambaci, ki liƙe mahaɗin tukunyar da tsumma mai ɗanshi don kada tururi ya gudu. Bayan minti 20 ki juye, ki murje, ki haɗa da zogale mai yawa, albasa, gishiri da ludayin mai guda, ki mayar minti 20 zuwa 25. In ya fito da gari-gari a tsakiya, tururi ya zurare ta gefe ko kin danna shi da hannu.

Naman kuma ki juye shi a kasko ki sake soya shi cikin kitsensa har ya bushe ƙarau, ki daka, ki riƙa zuba cokali biyu a miya. Haka zai kai ki wata guda.

Ma'aikaciyar asibiti, Birni:
Hajiya, maganar naman akwai gyara. 'Yar'uwa ki baza shi a faranti ki duba da rana. In akwai hunhuna, fari ko kore, ko yana yauƙi, ko warin ruɓa yake, ki zubar. Sake suya ba ya kawar da duk dafin da ya riga ya shiga. Wanda ya bushe lafiya lau shi za ki sake soyawa, ki bar shi ya huce sarai, ki sa a tukunya mai murfi, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Jiƙaƙƙen hannu ne ke ɓata shi. Ɗumame ma dole ya tafasa har tsakiyar malmala, ba a ɗan gasa shi sama-sama ba. Damina lokacin gudawa ce, kuɗin maganin yaro guda ya fi kuɗin naman.

Hajiya mai tuwo-tuwo:
Ba ta ce ya yi hunhuna ba, wari ta ce. Kitse in ya daɗe yakan canza wari ba tare da naman ya ruɓe ba. Ku ma'aikata komai a zubar. Mai jika biyu ba ta da abin zubarwa.

Ma'aikaciyar asibiti:
Shi ya sa na ce ta duba tukuna. Akwai ɗan shekara 4 a gidan.

Malamar makaranta:
Wata dabarar wuta: ki shimfiɗa tsohon bargo cikin kwando ko kwali. Shinkafa ta tafasa minti biyar a kan wuta, ki sauke da murfinta, ki naɗe ta ruf cikin bargon, bayan minti 40 ta nuna. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa minti 15 zuwa 20, a naɗe awa biyu zuwa uku. Kada a buɗe ana leƙawa, zafin ne ke dafawa. Ruwan shinkafa ki rage kaɗan tun da ba ya ƙonewa. Sayayya kuma ki daina yin ta kullum a shagon unguwa. Ki haɗa kuɗin kwana uku ki je kasuwar Dole ranar Alhamis ki sayi wake, ƙuli-ƙuli, busasshen tumatir da tattasai a tiya. Nono ya wadata yanzu da shanu suka samu ciyawa, fura da rana ta fi makaroni sauƙi.

Wata daga Kara-Kara:
Kasuwar Miriya ta Lahadi ta fi sauƙin ganye da kayan miya.

Magidanci:
In kika sa kuɗin mota zuwa da dawowa, ina sauƙin? Kilomita 18 ce fa. Kuma har yanzu ina nan kan bakana: rabin buhu tiya 20 ne, a tiya ɗaya da rabi sati biyu zai yi. Bayan nan sai an saya, a cikin Agusta, lokacin da gero ya fi tsada. Wa zai saya?

Uwargida, Garin Malam:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan gwada ɗan wake da dambu. Burodin safe dai ba zan iya cirewa ba, uwarsu tana kiran su kullum da safe tana tambayar me suka karya da shi. Kuɗin kuma kullum da safe maigida ke ba ni, ba na samun na kwana uku a haɗe. Naman na duba, ƙasan tukunyar akwai ɗan fari-fari a wasu, na sama lafiya lau suke. In cire na ƙasan in soya sauran?

Hajiya mai tuwo-tuwo:
Ki cire, ki soya sauran da kyau.

Ma'aikaciyar asibiti:
Tukunya ɗaya suka kwana, ni ba zan ba ƙananan yara ba. Farin ya yi kama da auduga ne, ko daskararren kitse ne? Ki ɗauki hoto ki turo mu gani.