Hakin da ya shiga ido: wace hanyar gargajiya ce ba ta cutarwa?

Kafinta daga Jos:
Assalamu alaikum. Ina aikin katako, kuma da shigowar hunturu ƙura da garin katako suna yawan shiga mini ido. Wasu sun ce a busa, wasu kuma sun ce a lasa da harshe ko a ɗiga nonon uwa. Wanne ya dace?

Hajiya Mai Tuwo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mu dai ruwa mai tsabta ake zuba mana a kwano, mu tsoma fuska mu riƙa ƙifta ido har hakin ya fita. Kada ka murza.

Ma'aikacin jinya:
Hajiya ta yi gaskiya, domin murzawa tana karce fatar baƙin ido. Harshe da nono suna iya kai ƙwayoyin cuta, kwalli kuma sau da yawa yana ɗauke da dalma. Idan siminti ko farar ƙasa ce ta shiga, a wanke da ruwa na aƙalla minti 15. Idan ɓarɓashin ƙarfe ya kafe, ko zafi ya ƙi tafiya, a rufe idon ba tare da dannawa ba, a nufi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Kafinta daga Jos:
Na gode. Zan sayi tabarau na kariya.