Tagogi 38, kowace da awonta: in zuba a tebur ko in zana ɗaya-ɗaya?

MaiWaldaGarwa: Assalamu alaikum. Na samu aikin tagogin ƙarfe 38 a nan Garwa, magini bai bar ramuka biyu daidai ba. Ƙanena ya ce in zana taga ɗaya, in zuba faɗi da tsawo a teburin Excel, zanen ya riƙa sauya kansa. Kwamfutata ta kwana biyu, mako uku aka ba ni. Wa ya taɓa gwadawa?

ƊanPoliMarwa: Wa alaikumus salam, Malam. FreeCAD, manhajar zane a kwamfuta, kyauta ne, yana da nasa tebur a ciki. Ka raɗa wa kowane gida na teburin suna, faɗi, tsawo, tazara, sai ka kira sunan a wurin awo. Yawan sanduna ma lissafi ne: faɗi a raba da tazara. SolidWorks kuwa, wata manhajar zanen, teburinsa sai da Excel a na'urar.

Bappa237: Sayi sabuwar kwamfuta tukuna. Sefa dubu 150 ka samu ta hannu mai kyau.

MaiWaldaGarwa: Bappa, ai na ce da tsohuwar zan yi.

AlhajinKuseri: Ɗana, saurara. Bara na karɓi aikin ƙafafun tanki na wani mutumin Njamena. Yarona ya rubuta awo a tebur irin na Faransanci, 2,5 da waƙafi, ya tura fayil na CSV, wato tebur a rubutu zalla, zuwa kwamfutar mai zane, ita kuma an saita ta da Turanci. Ta ɗauki waƙafin a matsayin rabuwar gida, 2 ya zauna nan, 5 ya faɗa gidan gaba, duk awon ya gusa. Zane ya fito tsaf, wa zai yi zargi? Muka yanka bututu mai mita 6 har guda 40. Da muka zo haɗawa, babu ƙafar da ta hau. Mutumin ya karɓe kuɗinsa, guntayen suna nan bayan shago, kullum ina ganinsu. Yaron ma ya bar ni, wai na ci masa mutunci.

ƊanPoliMarwa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma laifin na rashin dubawa ne. A buga zane ɗaya, a ɗora tef, kafin a taɓa ƙarfe.

AlhajinKuseri: Kai da ba ka taɓa ƙona ido da walda ba za ka koya mini dubawa?

HajiyaInjiniya: Alhaji, gaskiya ƊanPoli ya faɗa. A Ngaundere na yi ƙofofi haka. Komai a milimita, ba waƙafi ba ɗigo. Abin da ya wahalar da ni ƙaramar taga ce, lissafin sanduna ya ba da sifili, zanen ya watse. Fara gwada mafi ƙanƙanta da mafi girma.

SarkinZolaya: Kakana da igiya da gawayi ya auna ƙofar gidanmu, har yau ba ta nemi sabuntawa ba.

Gwani_NDJ: Dubu 150 a ina, Bappa? Ƙasa da 300 ba za ta ja zane ba.

Bappa237: Tawa 120 ma na saye ta.

HajiyaInjiniya: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ka kwana uku kana gina tebur, mai aiki ya ce zane ai ba aiki ba ne, ƙarfe kawai zai biya.

Gwani_NDJ: Wallahi! Wani ya karɓi nawa wai zai nuna wa maiɗakinsa, ya kai wa mai walda na bakin kasuwa.

MaiWaldaGarwa: To jama'a, in fara ko in bari? An ɗauke wuta ma, batir saura kaɗan.