Yara da tarihin Garwa: abin da aka tsayar

A zamanmu da malamai da iyaye a Garwa ta arewacin Kamaru kan yadda 'yan makaranta za su tattara tarihin unguwanninsu, yawanci sun ce a fara da kakanni mata, su ke riƙe da labarin fatauci a kogin Binuwai. Yaro ya je da goro, ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ya nemi izini kafin ya ɗauki muryarta a waya. A rubuta da Hausa ko Fulatanci tukuna, Faransanci daga baya.

Wani malami ya nace a ji bakin mutum biyu, don tsoho kan cakuɗa zamanin mulkin Jamus da na Ahijo, shugaban Kamaru na farko, wanda aka haifa nan a 1924. Takardun ajami kuwa, hoto kawai za a ɗauka. Nan kam na goyi baya, yara akwai ɓarna.