Mazarƙwailata ta ƙi fitowa a takarda, ku agaza mini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina zanen kayan zaƙin da muka taso da su a Sakkwato, kowanne da ɗan tarihinsa a ƙasan hoton. Na gama kantun riɗi da gullisuwa da tuwon madara. Tom Tom ma bai ba ni wuya ba, baƙi ne da fararen layuka, kuma an san kamfanin Cadbury ne ya fito da shi a 1970.

Mazarƙwaila ce ta tsaya mini a wuya. Na sayo guda biyar a babbar kasuwa, na ajiye ɗaya bakin taga, na zana ta sau shida da fentin ruwa. Duk wanda na nuna wa sai ya ce sabulun salo ne. Inna kuwa dariya ta yi, ta ce curin ƙasa na zana. Gaskiyarta. Wannan ɗan ƙyalƙyalin na ruwan rake da aka dafa ya daskare, da shatin ƙoƙon da aka zuba shi, su ne suka gagare ni. In na ƙara ja ta zama tubali, in na ƙara baƙi ta ƙone. Biyu daga cikin biyar ɗin da na sayo ma tururuwa ta riga ni.

Masu zane, wane launi kuke fara shimfiɗawa? Ko in koma fensir mai launi?

Sannan wa ya san dattijon da ya yi sana'ar jan alewa da hannu, wanda zan je in gaishe shi in ji yadda ake yin ta a da?