MVS na kukan ƙarancin wuri duk da na ƙara suwap, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wani ƙauye a gefen Ringim, ina koyon yaren shirya manhaja na COBOL da dare in na dawo daga gona. Na ɗora Hercules, manhajar da ke kwaikwayon manyan kwamfutocin IBM, a tsohuwar laftof ɗina mai Linux, memorinta gigabait 4, ina tafiyar da MVS 3.8j, tsarin manyan kwamfutocin IBM na zamanin System/370. Da na tura ayyuka biyu ko uku a tare sai allon sarrafawa ya fara gargaɗin cewa ma'ajiyar taimako ta kusa cika, komai ya tsaya cik. Na ƙara suwap na Linux, wato wurin faifai da yake ara in memori ya cika, zuwa gigabait 8, na mayar da MAINSIZE, yawan memorin da Hercules ke ba MVS, ya zama megabait 2048, amma ko gezau. Cajin da nake biya a shagon sola yana ƙarewa ina zaune ina kallon allo. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Rumbun maƙwabci ka faɗaɗa, alhali naka ne ya cika. Suwap ɗin nan na Linux ne, MVS bai ma san da zamansa ba. Shi yana da rumbunan shafukansa, wato ma'ajiyar taimakon da gargaɗin ke nufi, a kan faifan da Hercules ke kwaikwaya: PLPA, COMMON, sai LOCAL, inda yake juye shafukan ayyukanka, kowane shafi kilobait 4. LOCAL ɗin ne ke kuka. Sannan ka mayar da MAINSIZE zuwa 16. Adireshin MVS 3.8j bit 24 ne, iyakar ganinsa megabait 16. Ko gigabait 2 ka ba shi, ba zai taɓa sauran ba.

Amsa ta biyu: Gaskiya Yaya ya faɗa. Ka yi sabon rumbu da IDCAMS, manhajar MVS ta ƙirƙirar fayiloli, da umarnin DEFINE PAGESPACE, ka shigar da shi da umarnin PAGEADD, ba sai ka kashe tsarin ba. Amma ka rubuta sunansa a layin PAGE na IEASYS00, fayil ɗin saitunan tayar da tsarin da ke cikin SYS1.PARMLIB, in ba haka ba ranar da batir ya mutu ka sake tayarwa, ka koma gidan jiya. Ka kwafi fayil ɗin kafin ka taɓa shi. Ni waƙafi ɗaya na manta, na kwana biyu tsarin bai tashi ba.

Amsa ta uku: Yaro, kafin gini ka duba abin da ke cinye wurin. Shekarun da na yi a ɗakin kwamfutar banki, sau da yawa VIO, wato faifan kwaikwayo na wucin gadi, shi ne ɓarawon. Fayilolin wucin gadi da aka tura UNIT=VIO a cikin rumbun shafuka suke zama. Buɗe JCL ɗinka, wato rubutun umarnin da kake tura aiki da shi, in ka ga haka ka mayar da su SYSDA, faifai na yau da kullum. Mu a z/OS, magajin MVS na yanzu, ba ma son LOCAL ya wuce kashi 30 cikin 100, don daga nan samun gurabe a jere yake wahala. Gargaɗi kan fito a kashi 70, ya tsananta a 85.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Baba. Na duba, fayilolin SORT, manhajar jera bayanai, guda uku duk a VIO suke, kwafar JCL ɗin na yi ban karanta ba. Na canza su, ayyuka uku sun wuce lafiya. Sabon rumbun sai ranar kasuwa, in na samu cikakken caji.