Bayani ɗaya, siga uku: yaya zan hana su saɓa wa juna?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Na gina wa wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi a nan Garwa ta Kamaru manhajar da ke ajiye lissafin buhunan masara da dawa da gyaɗa. Bayanan suna fita a siga uku, wato tsarin rubuta su guda uku: manhajar waya tana karɓar su a sigar JSON, akawun ƙungiyar yana so ya buɗe su a Excel, wato a sigar CSV, sannan wani abokin hulɗarsu mai tsohon tsari ba ya karɓar komai sai XML. Na rubuta wa kowace siga nata aikin daban, to amma da na ƙara gurbin sunan kasuwa a makon jiya, sai na manta da ɓangaren XML, lissafi ya saɓa. Wace hanya ce ta fi dacewa?

Malamin Kwamfuta, Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalarka ita ce kowace siga tana zuwa rumbun bayanai da kanta. Ka tsara abu guda da ke ɗauke da gurabun da za a fitar, sannan kowace siga ta zama mai juya wannan abin kawai, ba tare da ta san yadda aka yi lissafin ba. Game da zaɓin siga kuwa, ƙa'idar HTTP, wadda manhajoji ke bi wajen musayar bayanai a intanet, ta riga ta tanadi hanya: mai buƙata yana bayyana abin da yake so a layin Accept, uwar garke, wato kwamfutar da ke ba da bayanan, ta amsa da layin Content-Type mai faɗin sigar da ta aiko, idan kuma ba ta da sigar da aka nema, ta mayar da lamba 406. Kada ka manta da sa layin Vary: Accept a amsar, don kada ma'ajin wucin gadi ya miƙa wa waya XML ɗin da wani ya nema. Django REST Framework, wani kayan aikin gina irin waɗannan manhajoji, yana da wannan tsari a shirye.

Hajiya Mai Lissafi, Injamena:
Na yarda da Malam, sai dai CSV ba ya shiga wannan tsari cikin sauƙi, domin shimfiɗaɗɗen jadawali ne. Idan ɗan kasuwa ɗaya yana da sayayya biyar, JSON da XML za su jera su a ƙarƙashin sunansa, amma a CSV dole ka maimaita sunan a layi biyar. Akwai kuma abin da ya taɓa cinye mini yini guda: Excel na Faransanci, wanda yawancin ofisoshinmu ke amfani da shi, yana raba gurabu da waƙafi mai ruwa (;), saboda waƙafi shi ne alamar ɗigon lamba a wurinsu. Ka aika fayil mai waƙafi, komai zai dunƙule a gurbi ɗaya. Sannan idan ba ka sa alamar BOM, wadda ke sanar da Excel cewa an rubuta haruffan da tsarin UTF-8, a farkon fayil ɗin ba, ƙ da ɗ da é duk za su rikiɗe.

Malamin Kwamfuta, Marwa:
Gaskiya ne, Hajiya. Zan ƙara da kwanan wata: JSON ba shi da nau'i na musamman dominsa, don haka ka rubuta shi bisa ISO 8601, ƙa'idar rubuta kwanan wata ta duniya, tare da +01:00, wato awa ɗaya da lokacinmu ke gaban GMT. Kuɗi kuma ka ajiye shi a cikakkiyar lamba, tunda sefa ba ta da ɗigo.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. Na canza zuwa waƙafi mai ruwa, akawu ya buɗe fayil ɗin yanzu, gurabun sun rabu daidai. Sai dai Excel ya cinye alamar ƙari a gaban 237, lambar Kamaru, a lambobin waya. Shi zan duba gobe idan Allah ya kai mu.