Ganin mara lafiya ta bidiyo: yaushe ya dace a rubuta antibayotik?

Jami'in Lafiya: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Mai mura da ciwon maƙogwaro ya kira ta bidiyo yana neman antibayotik ɗin amoxicillin, ga shi ba damar taɓa shi ko sa masa abin sauraren ƙirji. Wane ma'auni ake bi?

Likitan Iyali: Wa alaikumus salam. Yawancin mura da tari bairos ne, antibayotik ba ya yi musu komai, kuma koriyar majina ba hujja ba ce. A ciwon maƙogwaro abu huɗu ake dubawa: zazzaɓi, farin mugunya a maƙogwaro, kaluluwa mai zafi a gaban wuya, da rashin tari. Ka sa ya haska bakinsa da tocila, ya laluba wuyansa da kansa. In alama ɗaya ce ko babu, farasitamol da ruwan ɗumi da gishiri sun isa. In uku ne ko huɗu, ya zo a gan shi. Toshewar hanci kuwa sai ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ya fara warkewa ciwon ya dawo da ƙarfi, sannan ake zargin bakteriya.

Ciwon mafitsara a mace marar ciki, babu zazzaɓi, babu ciwon kwiɓi, shi ne wanda ake iya rubuta wa antibayotik daga nesa: nitrofurantoin na kwana 5, in ƙodarta lafiya. Namiji ko mai ciki, sai an gwada fitsari.

Likitar Yara: Malam, a yara a ƙara taka-tsantsan. Wani bincike a Amurka da mujallar Pediatrics ta buga a 2019 ya nuna an rubuta wa yara masu cutar numfashi antibayotik a kashi 52 cikin ɗari na ganin bidiyo, alhali a gaban likitansu kashi 31 ne. Ciwon kunne ba ya ganuwa ta kyamara, dole a leƙa dodon kunnen. Ka sa uwa ta ɗaga rigar yaron ku ƙirga numfashi minti ɗaya cur, yana kwance ba ya kuka: 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, numfashi ya yi sauri. In ƙasan ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a katse kiran a nufi asibiti. Zazzaɓi kuma a yankinmu, gwajin maleriya tukuna, kada a ce taifot ne da ka.

Mai Harhaɗa Magani: Ƙari kan bayanin Hajiya: kuskure ya fi yawa a takardar maganin kanta. Nauyin yaro ake tambaya, ba shekaru ba. A tambayi ko penisilin ya taɓa sa masa ƙuraje ko kumburin fuska, ko akwai ciki, da abin da ya riga ya saya a kemis. Ya nuna kwalin a kyamara, domin “jan kafso” ba suna ba ne. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, in aka haɗa masa da antibayotik ɗin metronidazole, jini na iya ɓallewa.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku. Amoxicillin na rukunin farko, wanda ake fara amfani da shi in an buƙaci antibayotik. Ciprofloxacin da azithromycin na rukunin sa ido, ba a fara da su don mura. A rubuta dalili da adadin kwanaki, a kuma sa lokacin sake kira bayan awa 48.